Labaran Ya Yanka Sa Kafin Inji Ya Tashi

A unguwar Gema ta Paraku, zamanin da ƙasar nan ke amsa sunan Dahomi, Nasara bai daɗe da naɗe tutarsa ba, akwai wani mahauci ana ce masa Labaran. Wajen wuƙa ba a ƙure shi. In ya dubi sa a tsaye zai gaya maka kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fata, in an feɗe kuma haka za a tarar. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Sai dai ya taɓa yin rani guda a Kwatano yana sayar da tsire a bakin tashar jiragen ruwa, tun daga nan ya dawo ya ce shi makanisiye ne, wato bakanike. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka saba da shi na buta ne da na rijiya, don haka ba wanda ya iya ƙaryata shi. Duk sanda fira ta yi daɗi a rumfar mahauta sai ya ɗauko zancen moter: yadda yake gane ciwon inji daga tarinsa, yadda matuƙan jirgi ke aikowa a kira shi da gaggawa. Gaskiya ne suna aikowa. Tsire suke so.

Wata damina wani Bature mai aikin gona ya tashi komawa gida, kukunsa ya fito da tarkace ƙofar gida yana sayarwa. A ciki akwai injin kwalekwale, irin wanda ake maƙalawa a gindin jirgi. Mai makulli ne, da batirinsa a akwatin katako, wayoyi biyu na manne da shi, ja da baƙa. Ya daɗe a ɗakin ajiya har zanzaro ya yi gini a kansa. Labaran ya sayar da kekensa da tumakin da ke turke a gidansa, aka turo inji a amalanke har Gema. Kukun ya yi masa gargaɗi guda: kada a tayar da shi a tudu, in ba a cikin ruwa yake ba ƙonewa zai yi. Labaran ya ce wannan ko jariri ya sani a Kwatano.

Matarsa Iyatu ta ce to a cika duro da ruwa a tsoma shi a gwada. Ya ce injin da ya sha ruwan teku ba a wulakanta shi a duron wanki. Ya jingine shi a zaure, kullum yana goge shi da kitsen ƙoda har yana ƙyalli. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Karnukan unguwa ma suka koma kwana a ƙofar gidan.

Ana nan sai ga Mamuda, taubashinsa, ɗan gidan masu goro a Jugu, ya zo Paraku sauke huhuna da tsohuwar motarsa mai rumfar tamfal, irin wadda muke ce wa bashe. Ya dubi injin, ya dubi zauren, ya tambaya ko ambaliya ake jira a Gema. Cikin zolaya ya ba da labari: can bayan Seru kogi ya cika ya raba wani ƙauye da hanya, bikin sabuwar doya ya kusa, kuma ranar ta faɗo kan kasuwarsu. Mahautan Jugu ba mai iya kai musu nama. Kwalekwale guda ne a mashigin, na wani tsohon masunci mai suna Gaji, da gora yake tura shi, ƙarfin ruwan bai barinsa ya ɗauki abin da ya wuce mutum da ƙunshinsa.

"Kai da ke da jirgin ruwa a zaure, bawana, ai sai ka je ka cece su," in ji Mamuda.

Labaran bai yi dariya ba. Ya ga gari guda da sakwara a turmi ba nama a miya, ya ga kansa tsaye a gindin jirgi riƙe da inji, sa guda na kwance a gabansa gunduwa-gunduwa, mata na tururuwa da kwanuka. Kafin Mamuda ya gama shan ruwa ya tattara jarinsa kaf ya ƙulle a lalita. Mamuda ya ce shi wasa yake yi. Labaran ya ce shi ba ya wasa da moter.

Suka isa bakin kogin ana gobe biki. Iyatu ta biyo su a kan za ta sauka wajen iyayenta a Jugu, da aka kai Jugu ta ce ta fasa, tana son ta ga ƙarshen abin da idonta. Mamuda ya gangara da mota har kusa da ruwa don kada a sha wahalar ɗaukar kaya.

Gaji siririn tsoho ne, baƙi, ido kamar na tsuntsun ruwa. Mahauta da masunta abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ko gaisuwa ba a gama ba ya zagaya injin ya shinshina, ya ce wannan ne inji na farko da ya gani mai ƙamshin tukunyar miya. Labaran ya ce mai ƙarnin tarwaɗa ba shi da bakin zancen ƙamshi. Suka daidaita a kan in an yanka sa, kai da ƙafafu da fata na Gaji ne, ladan jirginsa. Daga nan Labaran ya sa shi ya ƙetara ya gaya wa mutanen can kada kowa ya yanka ko kaza, nama na zuwa gobe da moter, sa sukutum. Gaji ya dawo ya ce sun yi murna, har mai gari ya ce za a fito da ganga.

Sai aka ga gindin kwalekwalen tsini ne, ba wurin maƙala komai. Labaran ya aro zarto a gidajen manoman da ke wannan gaɓar, ya datse tsinin, ya toshe wurin da katako, ya buga ƙusoshi. Gaji ya juya baya har aka gama. Aka ɗora inji. Don kada ɓarawo ya kwance shi, Labaran ya bi maɗauransa ya lanƙwasa musu manyan ƙusoshi. Gaji ya ce tunda yanzu ga shi a ruwa, a tayar a ji muryarsa. Labaran ya ce isansi, wato fetur, ɗan galan guda ne, batir kuma kamar gishiri yake, kowane taɓi raguwa ne. Gobe kowa zai ji.

Da yamma ya je rugar wani Bafillace mai suna Salihu, ya shiga garke ya nuna wani farin sa mai tozo, wanda ya fi kowane tsayi. Salihu bai so rabuwa da shi ba, sai da Labaran ya zazzage lalitar duka. Da asuba Salihu ya jawo san har bakin ruwa, ya miƙa igiya, ya koma wajen shanunsa.

Mahaucin birni abin da ya sani guda ne: a yanka da asuba, a feɗe, a kai nama kasuwa kafin rana ta yi ƙarfi. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Labaran ya yi bisimilla ya kayar da sa. Kafin hantsi ya gama fiɗa, aiki mai tsabta, ba ko ɗigo a fata. Aka shimfiɗa ganye a kwalekwale aka jera cinyoyi da haƙarƙari, kayan ciki a babbar tasa. A ɗaya gaɓar mutane sun fara taruwa, ana jin ganga sama-sama. A wannan gaɓar ma manoma sun fito da iyalansu.

Labaran ya shiga jirgi, ya gyara hula, ya ɗaga wa mutanen ƙetare hannu. Ya murɗa makulli.

Inji ya ce ƙat.

Ya sake murɗawa. Ƙat. Ya sake. Wannan karon ko ƙat ɗin ba a samu ba.

"Bawana, gaishe ka ya yi ko tsaki?" in ji Mamuda.

"Sanyi yake ji. Moter na Turai haka yake, sai rana ta taɓa shi."

"Ashe ranar Turai ta fi tamu zafi," in ji Gaji.

Aka jira rana ta taɓa shi. Ta taɓa shi, ta taɓa naman ma. Ƙuda na farko ya sauka a kan cinya, Iyatu ta karyo ganye ta fara kora. Labaran ya murɗa makulli, shiru. Ya ce yanzu ya gane, ƙaramar pan ce, wato 'yar matsalar inji, a Kwatano irin wannan ko tsayuwa ba a yi mata. Zai fara duba ko akwai wuta a batir. Yadda ake gwada batirin rediyo ya sani: da harshe. Ya samo gutsattsarin waya biyu a motar Mamuda, ya dafa su a kan batir, ya ɗora bakinsu a harshensa. Ya yi wani ɗan tsalle, hawaye ya cika masa ido. Da aka tambaye shi ya ce akwai wuta, amma maganar ta fito kamar ta mai dafaffen dankali a baki, sai da ya maimaita.

To in akwai wuta me ya hana ta wucewa? Ya duƙa ya ga kawunan batir biyu sun yi wani farin gari mai kore-kore, kamar kanwa ta ji ruwa. Ya ce ga ɓarawon nan. A nan ya yi daidai, kuma da ya kankare da tsinke da ba a ji kansu ba. Sai ya zaro babbar wuƙar fiɗarsa, wadda ya gada, ya hau kankara. Yana cikin yi wa manoma bayanin yadda wuta ke tafiya a waya kamar jini a jijiya, tsinin wuƙa ya taɓa kai ɗaya, gindinta ya taɓa ɗayan. Tartsatsi ya tashi har hularsa. Mata suka watse da gudu, wani tsoho ya faɗa cikin kwandon doyarsa. Da ƙura ta lafa, Labaran na tsaye yana duban wuƙa. Bakinta ya yi giɓi baƙi, wurin da ya isa ɗan yatsa ya kwanta.

Gaji ya ce bai taɓa ganin an yanka wuƙa ba sai yau.

Daga ƙetare wani mai babbar murya ya ƙwala magana da yarensu. Gaji ne mai jin yaren, shi ya zama tafinta, kuma ba ya fassara sai ya ƙara gishiri. Ya ce mutumin na tambaya ko wutar da suka hango ita ce tashin jirgin, ko kuwa mahauci ya fara gashi ne tun daga nan. Labaran ya ce a gaya masa su ɗora ruwa a wuta, yanzun nan.

Ya ɗage murfin inji. Cikin wayoyi ya ga wata 'yar kwalba mai tsawon gaɓar yatsa, cikinta ya yi baƙi. Wannan ya taɓa ganin an canja irinta a Kwatano, har sunanta ya riƙe. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce fizibil ce, ita ce ta mutu, kuma aikinta kawai ta tare wa wuta hanya, Bature ya sa ta ne don a riƙa sayen sabuwa. Ya buɗe jakarsa ya zaro tsinken tsire na ƙarfe, irin wanda yake yi da wayar ƙafar keke, ya karya guntu ya cusa a gurbin. Ya ce wannan har jikokinsa ba za ta ƙone ba. Ya murɗa makulli. Inji ya yi wani nishi, gurrr, kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya koma ya kwanta. Gwajin harshe da na wuƙa sun shanye ɗan abin da ya rage a batir.

Labaran ya ɗaga kai ya dubi bashe. Mamuda ya ga inda idon ya nufa, ya je ya tsaya a gaban motarsa ya buɗe hannuwa. Ya ce batirin nan tun daga Lome aka kawo masa shi, kuma huhunan goro na jiransa a Jugu. Labaran ya ce aro ne na ƙiftawar ido, da inji ya tashi za a mayar. Ya tuna masa wa ya kawo zancen kogin nan tun farko, ya tuna masa uwarsa da uban Labaran ciki ɗaya suka fito. Iyatu ta ce, ba tare da ta daina korar ƙuda ba, hantar ta fara canja launi. Mamuda ya kauce.

Aka kwanto batir aka kawo. Sai dai lokacin da Labaran ya cire wayoyi daga tsohon, bai lura da wacce ke ina ba. Ya riƙe ja a dama, baƙa a hagu, ya duƙa yana duban sabon. Kai ɗaya na da zane guda a kwance, ɗayan na da zane biyu sun gicciye juna. Mamuda ya ce shi direba ne, tuƙi ya sani, yaran gareji ke taɓa masa waɗannan abubuwa. Labaran ya ce ba sai an tambayi kowa ba. A mayankar Paraku, in likitan dabbobi ya duba nama ya ga cuta, wannan gicciyen yake shata masa da shuɗin alli, a kai rami. Alamar Bature ɗaya ce ko'ina. Jar waya lafiyayya ce, launin nama mai kyau, ba za a haɗa ta da wurin da aka soke ba. Baƙar ita ta dace da can. Manoma suka gyaɗa kai, don maganar ta shiga hankali.

Ya ɗaure baƙa a gicciye. Ya dafa ja a ɗayan.

Abin da ya biyo baya ba ƙara ba ce sosai, wari ne. Wayoyi suka fara hayaƙi, robarsu ta narke tana ɗiga kamar kitse a kan garwashi. Tsinken tsire ya yi ja wur, kuma kamar yadda mai shi ya yi alkawari, bai ƙone ba. Sauran kayan ne suka ƙone. Jar wayar ta manne wa batir, Labaran ya ja ta ƙi, sai da Gaji ya kai mata duka da gora. Da ta fita, ta fita da rabin kan batirin, dalmar ta zube a ƙasan jirgi.

Mamuda ya tsuguna ya daɗe yana duban batirinsa. Ya faɗi wata magana da Faransanci wadda Iyatu ta yi kamar ba ta ji ba.

Mai babbar murya ya sake ƙwalawa. Gaji ya ce yana cewa ruwan da suka ɗora ya ƙone, sun sake ɗora wani, kuma mai ganga ya ce hannunsa ya gaji.

Nan Iyatu ta ce a bar ƙetare, a mayar da nama mota a kai kasuwar Jugu tun ana iya sayar da shi. Labaran ya ce shi bai saba karya alkawari ba, amma ya taya ɗaukar batir. Aka ɗaure shi da waya yadda aka iya, bashe ta ƙi ko tari. Aka ce a tura. Mota na gindin gangare, ƙasa jar laka ce ta damina, manoma suka sa kafaɗa suka tura ta sama kaɗan, ta sulalo ta dawo ƙasa da inda take, ƙafafun baya suka nutse. Aka bar ta nan.

Rana ta take tsaka. Ungulaye sun sauka a kan wata ɗorawa, sun jeru kamar masu jiran a raba gado.

Gaji ne ya lura da wani faifan ƙarfe a saman injin mai ɗan tsagi a gefe. Ya ce ya taɓa ganin masu injin niƙa suna naɗa igiya a irin wannan su fizga. Labaran ya ce dama nan zai zo, yana bin abin ne daki-daki. Aka naɗa igiyar koma, Mamuda ya fizga, inji ya yi furr ya tsaya. Ya sake, haka. Labaran ya ce saura abu guda, buji, wato fulogi, shi ne zuciyar moter, in ba ya ba da wuta ko shekara za a yi ana ja. Ya ɗauko kile, wato sifana, daga akwatin mota ya kwance bujin, ya bar shi maƙale da wayarsa, ya riƙe shi da yatsu kusa da ido don ya ga wutar da kyau. Hannunsa jiƙe, ƙafarsa ba takalmi, cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi.

"Ja a hankali," ya ce wa Mamuda.

Mamuda ya tuna batirinsa. Ya tofa yawu a tafi, ya ja da zuciya ɗaya.

Kukan da Labaran ya yi, manoma sun ce bai bambanta da na san da ya yanka da safe ba. Ya tafi da baya ta gefen jirgi, ƙafafu sama. Bai iya ruwa ba. Ya yi ta dukan kogi da hannu yana kalmar shahada, yana kiran Iyatu ta yafe masa, har Gaji ya gaji da kallo ya ce masa ya miƙe tsaye. Ya miƙe. Ruwan a cibiya ya tsaya masa. Hula ta tafi, buji ya tafi.

Ya share fuska ya ce, "Wuta dai akwai."

"Mun gani, Sarkin fawa," in ji Gaji. "Har ƙetare sun gani."

Saura dabara guda, a koma wa gora, Gaji ya riƙa kai nama kaɗan-kaɗan. Aka sauke komai aka bar cinya ɗaya. Gaji ya tura jirgi, bai kai ga ƙarfin ruwa ba nauyin inji ya danne gindin, ruwa ya fara shiga ta inda ƙusoshi suka tsaga itace. Ya juyo da ƙyar, yana ambaton mahauta tun daga na farkonsu. Aka ce a cire injin. Aka taru a kan ƙusoshin da Labaran ya lanƙwasa, aka ja, aka buga da dutse, ko motsi. A duk tafiyar nan, aikin da ya yi da kyau ke nan.

Ganga ta yi shiru a ƙetare. Matan da ke tsaye da kwanuka suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Can sai aka jiyo kukan kaji ana bin su a guje.

Labaran ya fito ya zauna kusa da tasar kayan ciki, riga na ɗiga. Ba sai an gaya masa ba, hancinsa ya fi na kowa sanin abin da ke faruwa. Tumbi ya juya. Haƙarƙari zai bi baya kafin la'asar. Da rani ne da an yanyana an shanya, amma ga hadari na haɗuwa a gabas. Manoman da ke tsaye ba wanda ya taya ko tsoka, su ma suna da hanci, sun kuma san haƙuri bai taɓa sa nama ya yi tsada ba. Jarinsa ke nan kwance a kan ganye, ƙuda na yi masa lissafi.

Iyatu ta ajiye ganyen da take kora da shi.

"Baban Memuna, ungulu za a bar wa ko mutane?"

Labaran ya miƙe. Ya ce a kawo itace.

Nan kuma sai aka ga Labaran na gaskiya. Da wuƙar mai giɓi ya bi naman, ya ware abin da ya lalace ya jefa wa masu jira a ɗorawa, sauran ya yanka shi yadda ya kamata. Mata suka kawo tukwane da gishiri da barkono, aka fito da sakwarar sabuwar doya. Aka haƙa rami aka hura wuta, tsinkunan da suka rage suka koma aikinsu na asali. Ya ce sadaka ce, kowa ya ci. Manoman da ko mafarkin nama ba su yi ba suka ci har suka kwance ɗamara, suna sa masa albarka, wani ma ya tambaya ko baɗi zai dawo da injin. Mamuda ya zaɓi tozo, ya ce shi ba sadaka yake ci ba, batir yake ci. Gaji ya rungume kai da ƙafafu ya zauna a kan fata. Iska kuwa ta kwashi hayaƙin gashi ta kai shi ƙetare kai tsaye.

Ana cikin haka sai aka ji ƙasa na motsi. Salihu ne ya gangaro da garkensa, ya naɗe riga ya ɗaure ta a ka tare da sanda. Ya yi sallama, ya dubi wuta, ya dubi jirgi, ya karɓi tsinke guda da aka miƙa masa. Labaran ya tambaye shi ina zuwa da yamma haka. Ya nuna ƙetare da haɓa, ya ce ciyawar can ta fi, yau za su koma. Labaran ya tambaya da wane jirgin.

Salihu ya dube shi kamar bai gane tambayar ba. Ya yi wa shanu wata 'yar kira. Ta gaba ta shiga ruwa, sauran suka bi, ba gardama, sai ƙahoni da hanci a sama.

Labaran ya daina tauna.

"Wanda ka sayar mini," ya ce a hankali, "shi ma ya iya?"

"Shi ke shiga gaba," in ji Salihu. "Shi ya sa ban so sayarwa ba. Da ka ce can kake son sa, da na kai maka shi da ƙafarsa tun da safe, ka yanka a kasuwa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ka tambaya ba. Na ce ko haka ake yi a birni."

Salihu ya ajiye tsinke, ya kama wutsiyar saniyar ƙarshe, ruwa ya ɗauke su a karkace. Suka kai ƙetare, suka hau tudu suna kakkaɓe jiki. Mutanen ƙauyen da suka ga shanu na fitowa daga kogi suka sake gangarowa, wasu da kwanukan ɗazu. Mai babbar murya ya kafa hannuwa a baki ya ƙwala.

Gaji ya goge maiƙo a gemu. Wannan karon bai ƙara gishiri ba. Ya ce mutumin na tambaya, a cikin waɗannan wanne ne nasu.

Labaran ya dubi tsokar da ke hannunsa.

"Ce masa nasu ne gwanin iyon," ya ce, "amma ya gamu da makanisiye a hanya."